Ina so in ɗaga a-kori-kurata da inci 3 in saka mata taya mai inci 33, ina neman shawara

Mai a-kori-kura ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga wannan harka, domin ra'ayoyi sun yi mini yawa har na rasa wanda zan kama. Motata Toyota Hilux ce ƙirar 2017, mai ƙofa huɗu, mai shan dizal, giyarta otomatik ce, kuma tun da na saye ta ban taɓa sauya komai a ƙafafunta ba. Tayoyin da ke jikinta masu lamba 265/65R17 ne, wato girman da ta zo da shi.

Aikina yana kai ni hanyoyin da babu kwalta kamar sau biyu a mako, inda manyan motoci suka riga suka tona sawu biyu masu zurfi suka bar tudu a tsakiya. Sau uku ke nan cikin motar yana gogar wannan tudu, kuma a karo na ƙarshe da na durƙusa na leƙa, na tarar da busasshiyar laka ta toshe farantin da ke kare injin, tulun bakaksil kuma, wato kumburin da ke tsakiyar ƙarfen da ya haɗa ƙafafun baya, ya yi fari fat a ƙasansa saboda gogar dutse. Sauran ranakun mako a kan kwalta nake, tafiya mai nisa, yawanci da lodin da bai wuce kilo 300 zuwa 400 ba.

Abin da nake da niyya shi ne in ɗaga motar da inci 3, in saka taya 285/70R17 wadda ake kira mai inci 33, sannan in sauya wili zuwa irin wanda yake turo taya waje kaɗan. Ba zan ɓoye muku ba, akwai sha'awar ado a cikin lissafina, domin motar da aka ɗaga tana burge ni. Wani ya ce mini sifesa, wato ɗan ƙarfen da ake cusawa don ƙara tsayi, kawai zan saka a saman shokozoba na gaba, in saka tubalin ƙarfe a baya, magana ta ƙare. Wani kuma ya ce idan na yi haka na kashe motar, dole sai na sauya sifirin da shokozoba gaba ɗaya. Wace hanya ce daidai, kuma shin inci 3 zai isa tayar ta shiga ba tare da tana goga ba? Allah ya saka da alheri.

Tsohon bakanike ya amsa:

Wa alaikumus salam. Ɗana, ka yi kyau da ka faɗi wurin da motar take gogawa, domin amsar tambayarka tana nan a jikin tulun bakaksil ɗin da ka ce ya yi fari. Ko da za ka ɗaga motar nan da inci 6, wannan tulu ba zai tashi daga ƙasa ko da milimita ɗaya ba, saboda bakaksil a kan tayoyi yake zaune, sifirin kuwa yana tsakaninsa da shasi ne. Ɗagawa tana nisanta shasi da bodi daga ƙasa, tana taimakon farantin gaba da tankin mai da bamba, amma abu ɗaya ne kawai yake ɗaga tulun, shi ne tsayin taya, kuma rabin abin da ka ƙara a tsayin tayar shi kaɗai za ka samu.

Bari mu yi lissafin da kanmu. A lambar 265/65R17, faɗin taya milimita 265 ne, tsayin gefenta kashi 65 cikin ɗari ne na wannan faɗi, wili kuma inci 17 ne, wato milimita 432. Idan ka haɗa gefe biyu da wili za ka samu kimanin milimita 776. Tayar da kake so, 285/70R17, tana ba da milimita 831, wanda bai ma cika inci 33 ba, sunan ne kawai ya bi ta. Bambancinsu milimita 55 ne, saboda haka tulunka zai tashi da milimita 27, ɗan abin da ya ɗara inci ɗaya. Akwai kuma 265/70R17 a tsakaninsu, mai milimita 803, wadda za ta ba ka milimita 13. Ka riƙe waɗannan lambobi biyu, 27 da 13, domin duk wahalar da za a lissafa maka a ƙasa saboda bambancin milimita 14 ɗin da ke tsakaninsu za ka sha ta.

Abu na biyu shi ne wanda ya fi ruɗar mutane, kuma na daɗe ina fama da shi wajen masu kawo mini aiki. Ƙafafun gaban motarka kowace mai zaman kanta ce, tana lilo a kan hannu biyu, na sama da na ƙasa, tsakanin iyaka biyu da kamfani ya gindaya: akwai robar da take tare hannun ƙasa idan ƙafa ta lotsa, akwai kuma iyakar miƙewar shokozoba idan ƙafa ta sauka. Idan ka saka sifirin mai tsawo, ba ka matsar da waɗannan iyakoki ba, wurin zaman motar kawai ka sauya a tsakaninsu. A wurin ajiye mota za ka ga sarari mai yawa a saman taya har ka ji daɗi, amma ranar da ka faɗa rami da sitiyari a karye, ƙafar za ta koma daidai inda take komawa tun asali, kuma tayar da ba ta shiga ba kafin ɗagawa ba za ta shiga ba bayanta. A irin motarka, babbar taya takan goga a bayan ƙafar gaba, wurin da bodi yake zaune a kan shasi, da jikin robar tare laka, da kuma leɓen bamba daga ciki. Maganin wannan yanka ne da gyaran wuri, da zaɓen wilin da ya dace. Kamfanin Arctic Trucks na ƙasar Aisland yana saka wa Hilux da Isuzu D-Max taya mai inci 35, kuma ba da ɗagawa mai tsanani yake yin hakan ba, gidan tayar yake yankewa ya faɗaɗa, ɗagawar kuma ya bar ta kaɗan.

Game da sifesa, ba zan ce maka haramun ce ba, amma ka san yadda take aiki. Da yake shokozoba ya kama hannun ƙasa ne daga ciki, ba a bakin taya ba, ɗagawar da sifesa take bayarwa ta fi kaurinta, sau da yawa kusan ninki biyu, kuma mutane da dama suna sayen mai kauri ba tare da sun san haka ba. Tana tura dukkan shokozoban ƙasa, don haka ƙafa takan sauka fiye da yadda aka tsara mata, boljoyin na sama, wato mahaɗar hannun sama da ƙafa, ya kai ƙarshen juyawarsa, hannun sama ya riƙa dukan sifirin, shaf ɗin da ke juya ƙafar gaba kuma ya riƙa aiki a karkace. Alamar farko da nake gani ita ce robar shaf: ninke-ninkenta suna gogar juna har su huje, giris ya fantsama a cikin wili kamar an watsa shi da hannu, yashi ya shiga, bayan ɗan lokaci ka fara jin ƙas-ƙas-ƙas duk lokacin da ka sha kwana. A inci 2, wato milimita 50, yawancin motocin nan suna jurewa. A inci 3 sai ka shiga sayen sabon hannun sama, da kayan sauke tulun gaba domin shaf ya miƙe, wanda shi kuma yake cinye wani ɓangare na sararin da ka ɗaga motar dominsa.

Tubalin baya kuwa, ga mai ɗaukar lodi ban yarda da shi ba. Yana nisanta bakaksil daga ganyen sifirin, sai ya zama duk lokacin da ka taka totur ko birki da ƙarfi, bakaksil yana murɗa ganyen kamar mai murɗa sifana mai dogon hannu. Idan kana son baya ya tashi, ka sauya ganyen zuwa wanda aka ƙera domin nauyin da kake ɗauka kullum, tare da shokozoban da tsawonsa ya dace da shi. Kada ka zaɓi mafi ƙarfi don ka ji an ce ya fi ƙarko, domin ranar da babu kaya a baya motar za ta riƙa tsalle a kan gargada har bayanta ya riƙa zamewa.

Mai harkar taya ya amsa:

Baba ya gama magana a kan ƙarfe, ni kuma zan ƙara a kan roba da wili, domin a nan nake ganin kuskuren da ya fi tsada. Malam, kafin ka sayi kowane wili, ka cire naka ɗaya ka duba bayansa, za ka ga haruffan ET da lamba a gabansu. Wannan lamba tana nuna nisan da ke tsakanin fuskar da take manne da mota da tsakiyar wilin, kuma duk yadda ta ragu haka taya take fitowa waje. Idan naka ET30 ne ka koma ET0, ka turo taya da milimita 30, idan kuma ka haɗa da faɗin 285 a maimakon 265 ka ƙara wasu milimita 10, jimla 40 a kowane gefe. Mutane suna ɗauka cewa fito da taya waje yana hana goga, alhali a ƙafar gaba akasin haka yake faruwa: tayar da ta yi nisa da wurin da take juyawa tana zana babban da'ira idan an karya sitiyari, sai gefenta ya riƙa cin bodi a baya da bamba a gaba. Bayan haka nauyi yana ƙaruwa a kan boris da boljoyin da tayarod, sitiyari yana fizgar hannu a kan duwatsu, tayar kuma tana watsa tsakuwa a jikin ƙofofi har fenti ya zube.

Ka kuma lura da abubuwa uku da ba a gani daga nesa. Hilux tana da ƙusa shida a kan da'ira mai milimita 139.7, kamar Ford Ranger da D-Max, amma Nissan Navara ta shekarun motarka tana da 114.3, don haka ƙusa shida ba ita ce shaidar cewa wili zai shiga ba. Ramin tsakiya ma ya bambanta, na Toyota milimita 106.1 ne, na Ranger kuwa 93.1, shi ya sa wilin Ranger na asali ba ya zama a kan Hilux. Na uku shi ne noti: wilin alminiyom na Toyota yana amfani da noti mai shimfiɗaɗɗen wasa, yawancin wilin kasuwa kuwa noti mai tsini suke so, kuma wanda ya haɗa wannan da wancan zai ga kamar ya ɗaure, amma yana kwancewa a hankali a kan hanya.

Ina kuma ba ka shawara ka zauna a kan inci 17, kada ado ya kai ka ga 20. Ga mai bin hanyar da babu kwalta, tsayin gefen taya shi ne dukiyarsa, shi yake shanye dukan dutse, shi kuma yake ba ka damar rage iska a cikin yashi ba tare da ka lanƙwasa wili ba.

Sai batun lambar nauyi da ke biye da lambar girma. Idan ka ga 112, tayar tana ɗaukar kilo 1,120, idan 121 ne kuma kilo 1,450, kuma ba a sauka ƙasa da abin da aka rubuta a takardar da ke manne a jikin ƙofar direba. Tayoyin da lambarsu ta fara da LT, wato na ƙananan motocin kaya, sun fi kauri da juriyar huji, amma sun fi nauyi ƙwarai, sun fi tauri, kuma suna buƙatar iska fiye da ta asali kafin su ɗauki nauyi iri ɗaya. Tunda yawancin tafiyarka a kwalta ce, taya mai alamar A/T, wadda aka yi domin kwalta da daji duka, ta ishe ka, domin M/T, ta laka mai manyan haƙora, tana kuka a kwalta kuma riƙonta yana raguwa idan an yi ruwa. Ka duba lambobi huɗu na ƙarshe a layin da ya fara da haruffan DOT a gefen taya, biyun farko makon da aka ƙera ta ne, biyun ƙarshe shekarar, kada a sayar maka da wadda ta tsufa a ajiya. Kuma biyar za ka saya, ba huɗu ba, saboda safaya mai ƙaramin tsayi tana wahalar da giyoyin mota mai jan ƙafa huɗu. Ka gwada tun kafin ka biya ko babbar za ta shiga mazaunin safaya a ƙarƙashin bodi, domin sau da yawa ba ta shiga.

Mai a-kori-kura ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Baba, na gode Malam. Na cire wili ɗaya da yammacin nan na duba, ET30 ne aka buga a bayansa. Gaskiya lissafin milimita 27 da 13 ya sanyaya mini jiki, domin a zuciyata na ɗauka inci 3 na ɗagawa da inci 2 na taya za su haɗu su ba ni inci 5 a ƙarƙashin motar baki ɗaya. Abin da ya rage mini shi ne batun ƙarfin injin da shan mai, domin wanda ya ba ni shawarar sifesa ya ce dizal ba ya jin nauyin taya ko kaɗan. Shin haka ne, ko akwai wanda ya gwada ya gani?

Direban daji ya amsa:

Ɗan'uwa, ni na gwada, kuma ba zan bi sahun masu tsorata ka gaba ɗaya ba. Shekara huɗu ke nan ina kan 285/70R17, kuma a hanyar da sawu ya yi zurfi wannan inci ɗaya da Baba yake ƙanƙantawa shi ne bambancin wanda ya wuce da wanda ya sauko yana tona da shebur. Amma wanda ya ce maka injin ba ya ji bai faɗi gaskiya ba. Tayar ta fi ta asali tsayi da kashi 7 cikin ɗari, wanda yake daidai da a ce kowace giya an ƙara mata tsawo da kashi 7. Tashi daga tsaye yana yin nauyi, a kan hawa giyar otomatik tana ta kai da kawowa tsakanin giya biyu, man giyabos yana ɗaukar zafi idan kana jan tirela, birki kuma yana rasa kimanin wannan kashi 7 na ƙarfinsa saboda hannun da hanya take murɗa ƙafar da shi ya ƙara tsawo, ban da nauyin tayar kanta. Ma'aunin gudu ma yana sauyawa: inda a da kake tafiya 100, yanzu allura tana wuri ɗaya amma kana tafiya 107, ma'aunin nisa kuma yana rage ƙirga, don haka idan za ka lissafa shan mai sai ka ƙara kashi 7 a kan kilomitocin da ya nuna, in ba haka ba za ka zargi motar da shan da ya wuce wanda take yi. Tana ƙara sha, wannan babu musu. Gyaran gaskiya shi ne sauya giyoyin cikin tulu, misali mai 3.909 ya koma 4.10 ko 4.30, kuma dole a sauya na gaba da na baya tare su zama iri ɗaya. Ni ban yi ba, na haƙura da nauyin.

Kuskuren da na yi nadama a kansa daban ne. A wani gareji da ba zan ambata ba aka ɗaga mini motar, aka ɗaure dukkan bushin, wato robobin da ke mahaɗar ƙarafan ƙafa, tana rataye a kan jak, ba a kuma duba tiyon birki na baya ba. Cikin 'yan watanni bushin suka yage, domin an ɗaure su a wurin da ba nan motar take zama ba. Tiyon kuwa na gano shi ne ranar da ƙafa ɗaya ta rataya a bakin kwazazzabo, na leƙa na gan shi a miƙe kamar tsirkiya, shi da wayar ABS, na'urar da ke hana birki kulle taya. Tun daga ranar nake cewa a sauke mota a kan ƙafafunta kafin a yi ɗaurin ƙarshe.

Ka kuma sani cewa mota mai tsayi ba ta yafe kaucewar gaggawa. A 2016 mujallar motoci ta ƙasar Suwidin mai suna Teknikens Värld ta gwada Hilux da ba a taɓa komai a jikinta ba, a gwajin kauce wa dabbar da ta faɗo hanya, kuma a gudun kusan kilomita 60 ƙafafun gefe ɗaya suka tashi daga ƙasa, har kamfanin ya yi gyara daga baya a na'urar da ke daidaita motar. Idan ta asali tana iya haka, wadda aka ƙara wa inci 3 aka kuma ɗora wa kaya a saman rufi sai a yi hattara da ita. Ka tambayi dokar inda kake da kamfanin inshorarka tun kafin aiki, domin a Jamus irin wannan sauyi sai hukumar binciken motoci kamar TÜV ta amince an shigar da shi a takardu, a Ostireliya kuma akwai iyakar da idan ka wuce ta sai injiniya ya sa hannu.

Tsohon bakanike ya ƙara da cewa:

Ban ƙanƙanta inci ɗaya ba, Malam Direba, na dai ce a san kuɗinsa kafin a saye shi, kuma kai da kake daji kullum lissafinka ya bambanta da na wanda yake shiga sau biyu a mako. Ɗana, da motar tawa ce, ga yadda zan yi. Zan fara da taya, in saka 265/70R17 mai alamar A/T a kan wilin da kake da shi, domin ta ƙaru da kashi 3.4 ne kawai cikin ɗari, injin da birki ba za su koka ba, kuma yawanci tana shiga ba tare da yanka ba. Daga nan zan auna daga tsakiyar wili zuwa leɓen bodi a ƙafa huɗu in rubuta, saboda motar da ta yi shekaru tana ɗaukar kilo 400 ta riga ta zauna, kuma wani ɓangare na gogar da kake ji daga gajiyar sifirin yake. Sai in sauya sifirin da shokozoba gaba da baya zuwa masu ɗaga milimita 40 zuwa 50, in ƙara farantin kariya mai kauri a ƙarƙashin injin da giyabos.

Bayan an gama, a kai ta alaimen a ranar, ka kuma roƙi mai yin aikin ya nuna maka lambar kasta, wato karkatar layin da ƙafar gaba take juyawa a kansa, domin ɗagawa tana rage ta, kuma idan ta ragu sitiyari ba ya komawa tsakiya da kansa, motar ta riƙa yawo a kan hanya. A saita fitilun gaba, kada ka riƙa kashe wa masu tahowa ido. Ka sake ɗaure notin taya bayan kilomita 50 zuwa 100, ƙusoshin da suka rungume ganyen sifirin kuma bayan 'yan ɗaruruwan kilomita. Ka sani kuma cewa sabon sifirin bai ƙara maka izinin lodi ba, nauyin da aka rubuta a farantin motar yana nan yadda yake.

Idan ka yi wata shida a haka tulun yana ci gaba da goga, sai ka aro taya 285 guda ɗaya ka ɗaura a gaba kafin ka sayi biyar. Ka shafa alli a cikin gidan tayar, ka hau da wannan ƙafa kan tudu har ta lotsa sosai, ka karya sitiyari dama da hagu zuwa ƙarshe, gaba da ribas, sannan ka sauko ka duba inda allin ya goge. Ka ɗauki hoton wurin ka sako mana a nan, sai mu gaya maka ko roba ce za a datse ko ƙarfe ne za a yanka a yi masa walda.